Malam Dogo, Malamin 'Yan Shekara Huɗu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro. Shugaban tsangayar ilimi ta jami'armu da shugaban sashenmu. Mai wannan makaranta da shugabarta. Malam liman da ya buɗe mana da addu'a. Baba, mahaifin mamaci, da Inna, mahaifiyarsa. Uwar 'ya'yansa da yaran nan uku da ke gefenta. Yayyensa da ƙannensa. Malamai abokan aikinsa. Iyayen yara da kuka rufe shagunanku kuka bar ofisoshinku kuka zo. Ɗalibaina, abokan karatunsa. Da ke Iya, da aka ba ki kujera a gaba kika ƙi, kika koma bakin ƙofa kika tsaya. Ina gaishe ku duka, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Da aka zo aka ce ni aka zaɓa in yi magana da yawun jama'a, sai da na ce a sake shawara. A cikin wannan zaure akwai waɗanda suka san shi tun yana rarrafe. Ni shekara uku da rabi kacal na yi da shi. Aka ce ai ke ce malamarsa, ke kika duba bincikensa na digiri na biyu. Na karɓa, amma da sharaɗi ɗaya: zan faɗi abin da na sani, har da wanda ba zai yi mini daɗin faɗa ba.

Yara ne suka sa masa Malam Dogo. Iyayensu suka ɗauka, mu ma a jami'a muka ɗauka, har ta kai sai na duba rajista kafin in tuna sunansa na gaskiya. Da sunan da yara suka ba shi zan kira shi yau.

Ranar da ya fara shigowa ofishina sai da ya sunkuya a bakin ƙofa don kada ya bugi kansa. Yana riƙe da wasiƙa. Ya shekara goma sha ɗaya yana koyar da lissafi a babbar sakandare, ya zo neman digiri na biyu a fannin tafiyar da makarantu. Gurbi ya cika a can, sai sashe ya turo shi wurina, fannin ilimin ƙananan yara. Ɗalibai goma sha huɗu gare ni a shekarar, shi kaɗai ne namiji. Wasiƙar da ke hannunsa ta neman canjin fanni ce.

Na ce masa, "Me ya sa ka nace sai wancan?"

Ya ce, "Farfesa, in faɗi gaskiya?"

Na ce, "Faɗi."

Ya ce, "Na gaji da alli. Ofis nake so, mai fanka, mai ƙofar da zan iya rufewa."

Na yi dariya, domin na daɗe ban ji ɗalibi ya faɗi gaskiya irin haka ba. Na ce ba zan sa hannu ba sai ya gama zangon farko, kuma a cikin zangon akwai mako shida da zai je ya zauna a ajin ƙananan yara ya lura ya rubuto mini abin da ya gani. Ya dube ni kamar na yanke masa hukuncin ɗauri. Ya ce, "Farfesa, gemu fa gare ni. Me zan je in yi a tsakiyar masu majina?"

Na ce, "Ka tafi da hankici."

Nan makarantar aka turo shi, ajin 'yan shekara huɗu, wancan mai shuɗiyar ƙofa da ke bayanku. Abin da ya faru a makon farko daga bakin Iya na ji, wadda ta shekara ashirin a ajin nan tana wanke wa yara hannu, tana ɗaura musu igiyar takalmi, tana raba faɗa. Ta ce ya shigo da riga gogaggiya da babban littafi, ya tsaya a gaban allo, ya yi gaisuwa da muryar da ya saba yi wa ƙarti 'yan ajin ƙarshe. Yara bakwai suka fashe da kuka a lokaci ɗaya. Ɗaya ya shige ƙarƙashin tebur. Wata da ta rasa inda za ta gudu ta tsaya daidai gabansa ta jiƙa masa takalmi. Iya ta bar shi ya gama rikicewa, sannan ta ce, "Malam, su fa gwiwarka kawai suke gani. Sauko ƙasa su ga fuskarka." Ya naɗe ƙafafunsa ya zauna a tabarma.

A mako na uku ne abin ya same shi. Akwai wata yarinya a ajin da ba ta taɓa buɗe baki ba. A takardar sakamakonta an rubuta cewa ba ta gane ƙirga ba. Yara kan tuɓe takalmansu su jibge a bakin ƙofa, in an tashi sai a yi ta kokawa. Wata rana ya lura da ita ta zame daga cikin masu waƙa ta tsuguna gaban jibgin takalman nan, tana haɗa su ƙafa biyu-biyu, tana jera su a jikin bango. Yara ashirin da shida. Ta gama tsaf, ta tsaya da guda ɗaya a hannu. Ta dube shi, ta dubi layin, ta zo ta ja masa bakin riga, ta ce, "Saura ɗaya." Maganarta ta farko ke nan a aji. Aka duba, aka samo ɗan'uwan takalmin a bayan durom ɗin ruwa.

Kashegari ya shigo ofishina ya zauna ba tare da na ce ya zauna ba. Ya ce, "Farfesa, shekara goma sha ɗaya ina karɓar yara 'yan shekara goma sha shida da suka rantse kansu ba ya ɗaukar lissafi. Ina jin haushinsu, ina cewa raggaye ne. Ashe da lissafinsu suke zuwa. A hanya ake ƙwace musu. Ina so in zauna a inda ake ƙwacewar in gani da idona." Ya miƙo hannu ya ɗauki wasiƙarsa daga cikin tiren da ke kan teburina, ya ninke ta ya sa a aljihu. Ba mu sake maganarta ba.

A ƙarshen shekarar ya ajiye aikin sakandare ya nemi wannan aji. Mu da ke zaune a nan, mu faɗa wa kanmu gaskiya: ba mu yi masa tafi ba. Tsofaffin abokan aikinsa suka koma ce masa Malam Raino. In sun haɗu a hanya su ce, "Ina ka baro zanin goyon?" Wasu iyaye suka zo wurin shugabar makaranta suna raɗa, wai me ƙato zai yi a ajin 'yan yara, lafiya kuwa? Ya ji duk wannan. Ba na jin akwai wanda ya taɓa ba shi haƙuri.

Baba, jiya na nemi izininka in faɗi wannan, ka ce in faɗa. Baba kafinta ne, da ƙarfin hannunsa ya ɗauki nauyin karatun ɗansa. Da ya ji labari ya ce, "Na ƙare ƙuruciyata a bakin zarto don ka koma wanke wa 'ya'yan mutane hanci?" Wata biyar in ɗan ya gaishe shi da ƙyar yake amsawa. Rannan ya shirya ya zo makarantar nan da niyyar ya ga shugaba, ya roƙe ta ta sallami ɗansa ko zai dawo hayyacinsa. Hanyar ofis ta bi da shi ta tagar ajin. Ya tsaya ya leƙa. Bai ƙarasa ofis ba, ya juya gida. Ranar Asabar sai ga shi da zarto da abin awo. Bencinan ajin ragowar 'yan firamare ne, sun yi wa yaran tsawo. Ya rage ƙafafun benci goma sha uku, ya goge bakinsu don kada su yanki kowa. Da ya gama ya dubi ɗansa ya ce, "Kai da digirin naka, ba ka ga ƙafafunsu na lilo ba?" Sulhun ke nan. Bencinan suna nan, duk mai so ya je ya gani bayan taro.

Ya kasance mutum mai jira. In yaro ya fara magana ya sarƙe, ba ya ƙarasa masa. Sai ya zuba masa ido kamar duk duniya ba shi da wani aiki.

Ya kasance ba ya jin kunyar aikinsa. Na taɓa haɗuwa da shi a harabar jami'a da tambarin ɗan hannu na jan fenti a bayan rigarsa. Na nuna masa, ya leƙa ya ce, "Wannan sa hannun shugabana ne."

Ya kasance mai iya magana da iyaye ba tare da ya ƙasƙantar da su ba. Akwai wani uba, direban babbar mota, ga shi can a layi na uku, ya ce in faɗa ba komai. Ya zo a fusace zai cire ɗansa. Ya ce, "Na kawo yaro ya yi karatu, kullum sai ya dawo mini da yashi a aljihu. Ɗan maƙwabcina sa'ansa ne, yana cika shafi biyu da rubutu." Malam Dogo ya ba shi kujera, ya ba shi fensir, ya ce, "Ranka ya daɗe, taimaka ka rubuta mini sunanka da hannun hagu." Mutumin ya fara, shi kuwa ya miƙe ya tsaya a kansa yana cewa, "Yi sauri! Ka fita layi! Goge, sake!" Kafin ya kai harafi na huɗu gumi ya karyo masa, ya jefar da fensirin yana dariya. Malam Dogo ya ce, "Haka hannun ɗanka yake ji. Yashin nan da kwaɓa yumɓu su ne ke ƙarfafa masa yatsu. Ba ni wata shida." Yaron yana aji biyu yanzu, uban ya ce shi yake karanta masa saƙon waya in yana tuƙi.

Ya kasance mai raba abin da ya koya. Duk abin da muka yi a jami'a ranar Laraba, ranar Asabar ya kawo shi ƙarƙashin rumfar nan ta waje. Ya fara da malamai biyar daga ƙananan makarantun unguwa, waɗanda ba su taɓa samun horo ba, an dai miƙa musu alli an ce shiga. Kafin shekara biyu sun haura arba'in. Ya koya musu yin kayan wasa da murafun kwalba da kwali, ya koya musu yadda ake kwantar da aji ba tare da bulala ba. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ba shi takardar yabo.

Ya kasance kuma mai taurin kai, kada mu mai da shi abin da ba shi ba. Yana makara. Rubutunsa sai an sa tabarau biyu. In ya ga abu ba daidai ba, ba ya duba wuri ko lokaci. Wata rana ya ji kuka a ajin da ke maƙwabtaka da nasa, ya shiga ya karɓe bulala daga hannun malamar, ya karya ta a gaban yaranta. Zango guda ba ta yi masa magana ba, kuma tana da gaskiyarta. Daga baya shi ya je ya same ta, ya ce, "Bulalar ba na nadamar karyawa. Amma na karya ki a gaban yaranki, wannan kuskurena ne." Ita ce ta fara zuwa ta yi rajista a ajin Asabar na gaba. Tana cikinmu, ita ta shirya kujerun nan da muke zaune a kai.

Bincikensa a kan yaran da ba sa magana a aji ya yi shi. Ya zauna a azuzuwa tara, a makarantu huɗu, da agogo a hannu, yana auna tsawon lokacin da malami ke bari tsakanin tambaya da amsa. Abin da ya gani a azuzuwan shi ne malami kan yi tambaya, kafin yaro ya ja numfashi ya miƙa ta ga wani, ko ya amsa da kansa. Yaron da ke buƙatar ɗan lokaci sai ya daina ƙoƙari, mu kuma mu rubuta cewa ba ya ganewa. Ya roƙi malaman su gwada ƙirga goma a zuci kafin su wuce. Ya rubuta abin da ya biyo baya, yaro bayan yaro. Wannan shi ne babi na huɗu na kundinsa.

Yanzu na zo inda na ce ba zai yi mini daɗi ba.

Babin nan ya yi wata huɗu da rabi a kan teburina ban buɗe shi ba. Ina da dalilai, irin dalilan da kowane malamin jami'a da ke nan zai gane: takardun jarrabawa, kwamiti kaza, tafiya kaza. Duk ranar Alhamis in ya sallami yara sai ya hau mota biyu ya zo, ya zauna a bencin da ke baranda. Sakatariya ta ce masa Farfesa tana taro. Ya jira har a rufe, ya koma. Bai taɓa ɗaga murya ba. Saƙo kawai zai turo: "Farfesa, barka da aiki. Tunatarwa ce." Saƙonnin suna cikin wayata, guda goma sha ɗaya. Biyu na amsa.

Da na karanta babin na ga aiki ne mai kyau. Muka kammala, aka aika wa mai jarrabawa na waje, aka sa ranar da zai tsaya gaban kwamiti ya kare kundinsa, wata uku a gaba. Bayan mako guda sai ya shigo. Ina sa hannu a wasu takardu, ban ɗago kai ba.

Ya ce, "Farfesa, ko akwai yadda za a yi a matso da ranar nan kusa?"

Na ce, "Ƙa'ida ce. Kowa layi yake bi."

Bai tafi ba. Da yake kaina a sunkuye yake, sai idona ya sauka a ƙafarsa, na ga silifas. Na ce, "Kuma ka daina zuwar mini ofis da silifas kamar mai shiga wanka. Kai malami ne."

Ya ce, "A yi haƙuri, Farfesa." Ya fita.

Jama'a, ƙafafunsa ne suka kumbura, ba takalmin da ke shiga. Wata biyar ke nan a lokacin ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako. Ban sani ba. Amma ban sani ba ne domin ban tambaya ba. Mutumin da bai taɓa roƙona komai ba tun ranar da ya janye wasiƙarsa ya zo ya tsaya a gabana yana roƙo, ban ce masa "me ya sa" ba. Ga kundinsa a kan teburin, na karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, har na rubuta "madalla" a gefen shafi. Ban ba shi ko daƙiƙa goman da yake nema wa yara ba.

Ba na cewa da na karanta babin nan da wuri da bai rasu ba. Ajali ba a hannuna yake ba, ba kuma a hannun likita ba. Amma wata huɗu da rabin nan a hannuna suke. Da na yi aikina a kan lokaci, da ya tsaya gaban kwamiti da ransa, ya amsa tambayoyi, ya ji an ce masa ya yi. Ya rasu ranar Talata da hantsi, saura kwana tara ya kare kundin.

Har ranar Alhamis ɗin da ta gabaci rasuwarsa yana aji. Iya ta ce a makonnin ƙarshe ba ya iya zama a tabarma, domin in ya zauna tashi na yi masa wuya. Sai ya ɗauko kujera, ya ce wa yara, "Ku yi haƙuri da ni, yau ma a sama zan zauna." Su kuma sai su jawo bencinsu su kewaye shi.

Ba ni kaɗai ba ce na gani ban tambaya ba, kuma ba don in rage wa kaina nauyi nake faɗa ba. Mun ga ya rame, muka ce karatu ne. Mun ga fuskarsa ta kumbura, muka ce ya fara jin daɗi. Mun ga yana tsayawa ya huta a tsakiyar matakala, muka yi masa ba'a, wai tsufa ya zo. Muna kawo masa 'ya'yanmu da safe, mu miƙa, mu ce "Malam, sannu da aiki," mu wuce kafin ya amsa. Mu ne jama'arsa. Haka muka yi.

Saboda haka ina da roƙo, kuma a gaban kowa zan yi shi.

Ranka ya daɗe mai makaranta, na ji ana shirin haɗe ajinsa da na kusa da shi, a zuba yara hamsin da uku a ɗaki ɗaya gaban malama ɗaya. Na san samun malami ba abu ne mai sauƙi ba. Ɗalibaina huɗu sun yarda za su riƙa karɓa-karɓa har ƙarshen zango, amma wannan faci ne, yara 'yan shekara huɗu suna buƙatar fuska ɗaya da za su saba da ita. A cikin malaman da ya horar a rumfar nan akwai waɗanda suka iya. Don Allah a ɗauki ɗaya. Kada ajin nan ya mutu tare da shi.

Ranka ya daɗe shugaban tsangaya, takardata tana ofishinka tun makon jiya. Na nemi a kafa doka, kada babin ɗalibi ya wuce mako uku a hannun malami ba amsa, kuma a fara da ni. Na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ina roƙon kada ta yi wata huɗu a kan tebur.

Iyayen yara, wani ya ce wa 'ya'yanku Malam Dogo ya yi tafiya. Na san da kyakkyawar niyya aka faɗa. Amma kullum da safe suna tambayar Iya ko yau zai dawo, wasu suna ajiye masa zanen da suka yi. Iya ta ce ta gaji da kau da kai. Shi bai taɓa yi musu ƙarya ba, ko a kan allura ce yakan ce musu za ta yi zafi kaɗan. Ku zaunar da su ku faɗa musu ya rasu, ba zai dawo ba, ba kuma laifinsu ba ne. Za su yi kuka. Ku bar su su yi, ku amsa abin da suka tambaya.

Ke kuma uwar 'ya'yansa, 'yata. Na ji maganganun da ke yawo, wai me ya sa ba ta faɗa wa kowa ba, da an taimaka. Ina so a daina wannan magana daga yau. Shi ya ce kada ki faɗa, domin yana tsoron a ce ya huta a karɓe masa aji, a ɗage masa karatu. Kika riƙe masa amanarsa. Ke kika riƙa kai shi asibiti ki zauna awa huɗu a gefen na'ura, ki dawo ki buɗe shagon ɗinkinki. Ke kika saurari muryoyin yaran nan da ya naɗa, kika rubuta su kalma bayan kalma a lokacin da hannunsa ya fara rawa. Wadda ta yi wannan ba ta da abin da za ta amsa wa kowa. Mu ne muke da abin amsawa.

Ku 'ya'yansa, musamman ke babbar, na ji kin taɓa ce masa, "Baba, mu ne 'ya'yanka ko su?" Tambaya ce mai kyau, kuma kina da haƙƙin yin ta. Kun raba ubanku da yara da yawa ba tare da an nemi shawararku ba. A shafin farko na kundinsa, inda ake godiya, sunayenku uku ne a sama, kafin na kowa, kafin nawa. Na kawo muku kwafi. Ku karanta shi in kun girma, ƙofar ofishina kuma a buɗe take gare ku.

Baba, Allah ya ba ka haƙuri. Ka haifi ɗa mai amfani, ka kuma gane haka yana raye. Ba kowane uba ke samun wannan ba.

Inna, ke na bari a ƙarshe, domin akwai tambayarki a wurina. Ranar da na je gaisuwa aka ce miki ga malamarsa. Kika kama hannuna kika ce, "Ke ce? To 'yar nan, karatun nan da ya hana shi hutawa, ya ci ko bai ci ba?" Na sunkuyar da kai na yi addu'a na tashi.

Kwana shida bayan haka rahoton mai jarrabawa na waje ya iso. Malami ne a wata jami'a mai nisa, bai taɓa ganin ɗanki ba, bai kuma san ya rasu ba. Ga takardar, zan karanta miki ƙarshenta. Ya ce: "Na daɗe ban karanta kundin da ya sa na sake duba yadda nake koyarwa ba sai wannan. Ina ba da shawarar a ba ɗalibin digirinsa bayan 'yan gyare-gyare kaɗan. Ina ɗokin haɗuwa da shi ranar kare kundi, domin ina da tambayoyi da nake so in yi masa don amfanin kaina."

Dokar jami'a ta ce ba a ba da digiri sai ɗalibi ya tsaya gaban kwamiti. Mun rubuta wa majalisar jami'a muna neman a duba lamarinsa. Har yanzu ba amsa, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ba ni da iko a kai ba. Mai yiwuwa takardar ta zo, mai yiwuwa ba za ta zo ba. Amma ba takarda kika tambaye ni ba. Na shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki, ɗalibai da yawa sun bi ta hannuna. Inna, ɗanki ya ci. Ya ci tun da daɗewa, ni ce na makara wajen faɗa masa. Ina roƙonki, da ke da Baba da iyalinsa, ku yafe mini.

A madadin jami'a da wannan makaranta, ina gode wa duk wanda ya taka ƙafarsa ya zo, da waɗanda suka shirya wurin nan, da likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi ɗawainiya da shi, da maƙwabtan da suka tsaya wa gidansa tun ranar da abin ya faru. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya ɗauka a ɓoye ya zama kankarar zunubansa. Ka sa duk harafin da yaran nan za su karanta a rayuwarsu ya zama lada mai isa gare shi. Ka sanyaya zuciyar iyayensa, ka zama gatan matarsa, ka raya 'ya'yansa ka shirya su. Mu kuma da muka rage, ka yafe mana abin da muka gani muka wuce, ka kyautata ƙarshenmu in tamu ta zo.

Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.